Kafin a sakar wa baƙo sitiyari a dajin Yankari

A gandun dajin Kruger da ke Afirka ta Kudu, mutum kan iso ƙofa da motarsa, ya cike takarda, ya biya kuɗin shiga, ya sayi taswira, a ɗage masa shinge ya wuce. Babu ɗan jagora, babu ɗan rakiya. Shi da iyalinsa za su wuni suna bin hanyoyin daji, in sun ga dama su kashe mota a bakin tafki guda su yi awa biyu suna jiran abin da zai zo shan ruwa. Tun 1927 ake haka, shekarar da motocin baƙi uku kacal suka shiga, har aka kai ana samun baƙi sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara kafin annobar korona. Wanda duk ya ji wannan labari daga cikinmu, tambaya ɗaya yake yi: me ya hana a yi haka a Yankari?

Ina tare da masu son a bar mutum ya shiga da motarsa. Inda na rabu da wasunsu shi ne batun a cire ɗan jagora daga cikin motar a yau. Yankari ba ta kai nan ba tukuna, kuma abin da ya rage mata aiki ne da ake iya lissafawa da kuɗinsa da lokacinsa.

Tsarin da aka saba da shi a sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin Yankari, shi ne ko dai ka hau motar gandu da ke fita da safe da yamma, ko ka ɗauki ɗan jagora a taka motar. Motar gandu tana da amfaninta, tana da tsayi, ana hangen nesa daga kanta. Amma tana da lokacin fita da lokacin dawowa, kuma a cikinta akwai mai surutu, akwai mai kunna waƙa a waya, akwai wanda giwa kaɗai ya zo gani, komai ba ya burge shi sai ita. Dattijo mai ciwon gwiwa ba ya iya hawa, mai goyo ba ta sakewa, maigidan da ya zo da iyalinsa ya fi son su kasance su kaɗai. Ga masu kallon tsuntsaye, waɗanda kan buƙaci minti ashirin a kan reshe guda, a dajin da aka ƙidaya tsuntsaye sama da iri 350. Kallon namun daji sana'ar haƙuri ce, kuma mutum ya fi iya haƙuri a motarsa. Saboda haka ban ga dalilin kwaikwayon hukumar Narok ta Kenya ba, wadda ta hana motocin masu zaman kansu zagaya gandun Masai Mara a 2024. Su cunkoso ne ya dame su, da direbobi masu barin hanya su kewaye dabba guda. Mu ƙarancin baƙi ne ciwonmu.

Sai dai a duba abin da sakin da ake yi wa baƙo a Kruger ya zauna a kai. Kowace hanya tana da lamba: manyan na kwalta suna farawa da H, akasarin na burji da S. A kowace mararraba akwai ginin dutse da aka rubuta sunan wuri da nisansa. Gudu ba ya wuce kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan burji, kuma akwai ma'aikata da na'urar auna gudu suna yanka tara. Sansanoni a kewaye suke da shinge, ana rufe ƙofofinsu da ƙarfe 5:30 na yamma a watannin Mayu zuwa Yuli, 6:30 a Nuwamba zuwa Janairu, wanda ya makara ya biya. A manyan sansanoni akwai gidan mai da kanti. Ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe, ba a leƙo da jiki ta taga. Sannan a manyan hanyoyi ba a daɗewa wata mota ba ta wuce ba, don haka wanda motarsa ta lalace ba ya kwana ba a san da shi ba. Ɗan jagoran da aka cire daga mota an mai da shi alamomi ne da dokoki da sintiri, kuma an kashe shekaru da dukiya kafin a yi hakan.

Yankari murabba'in kilomita 2,244 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin takwas na Kruger ba, amma ta isa mutum ya ɓace a cikinta. An kafa ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a Disambar 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991, ta komo hannun jihar Bauchi a 2006. Ba ta da shingen da ya kewaye ta. Hanyoyin kallo da ke bin kwarin kogin Gaji na yashi ne da jar ƙasa, kowace damina sai ruwa ya sake musu fasali, ya zaizaye nan, ya tara rairayi can. Dajin kawo da taramniya da taura ne, ga gamba da ke fin mota tsayi bayan damina, ko'ina ka duba kamar inda ka baro. Hanyar masu sintiri kan rabu da ta baƙi ba tare da wata alama ba, kuma sabis ɗin waya yakan ɗauke da zarar an yi nisa da sansani. Baƙon da ya ɗauki hannun da ba shi ba ne da ƙarfe goma na safe a watan Afrilu, zafi yana neman digiri 40, da rabin tankin mai da robar ruwa biyu, ya shiga hatsarin da babu zaki ko giwa a cikinsa.

Sai kuma giwayen. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu kusan 350, daga baya masu neman haure suka rage su har ake ƙiyasta 100 zuwa 150. Giwa ba ta mantuwa. Wadda ta taso tana jin ƙarar bindiga, ana kuma korar ta daga gonakin ƙauyukan kewaye da wuta da ganga, ba ta kallon mota yadda giwar da ta saba da motoci ɗari a wuni take kallonta. Ko a Kruger ɗin ma, a ƙarshen Disambar 2013 wani toro ya kife motar wasu baƙi biyu da suka bi bayansa kurkusa, ya ji wa matar rauni a cinya, hukumar gandu ta harbe shi. Kuskuren direba ne, giwa ce ta biya da ranta. Inda giwaye suka kai dubbai ana iya jure asarar ɗaya. A Yankari kowane toro da aka rasa gibi ne.

Akwai batun tsaro, kuma gara a faɗe shi yadda yake. Ɗan jagora ba ya tare harsashi. A gandun Pendjari na Benin, lokacin da aka sace Faransawa biyu a 2019, jagoransu aka kashe, haka ma a Kure ta Nijar a 2020 jagora da direba suna cikin waɗanda suka mutu. Amfaninsa a wani wuri yake: shi ne ya san ɓangaren da aka ga sawun mafarauta jiya, da inda masu sintiri suke aiki yau, kuma da shi a ciki ne ma'aikacin da ya hango ƙura daga nesa zai san motar baƙi ce. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke aiki da gwamnatin Bauchi a gandun ta sanya wa wasu giwaye ƙulumi a wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, don haka sau da yawa ma'aikata sun san yankin da garke yake. Wannan sani ba ya cikin taswira. Da ɗan gari akan ci gari.

Ko da jagora a gefenka, sitiyari a hannunka yake, kuma yawancin abin da ke ɓata irin wannan tafiya tun daga gida aka ɗauko shi. Lokacin zuwa shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu. Fabrairu zuwa Afrilu sun fi, domin ciyawa ta kwanta, tafkuna sun ƙafe, ƙishirwa tana koro gwanki da kanki da ɓauna da gwambaza zuwa Gaji. Daga Bauchi ana bin hanyar Gwambe zuwa Dindima, a karya kudu zuwa ƙofar gandu a Mainamaji, daga nan kimanin kilomita 43 zuwa Wikki, duka dai wajen kilomita 110. A cika tanki a Bauchi. Zuwa da dawowa kilomita 220 ne, zagaye huɗu na kwana biyu zai ƙara wajen 120, kuma mota a giya ɗaya da biyu cikin yashi, da na'urar sanyi a kunne, tana iya shan mai fiye da na kan kwalta da kashi ɗaya cikin uku ko rabi. Jarka guda ta lita 20 tana rufe wannan gibi. Ruwan sha lita huɗu zuwa biyar ga kowane mutum a wuni, da wata lita goma daban ta lagireto.

Abin da ake nema ga mota tsayin ƙasa ne kafin komai, aƙalla santimita 20. Tayoyin manyan motoci sun haƙa layi biyu a hanyar daji sun bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota mai santimita 14 sai cikinta ya hau tudun, tayoyi su riƙa juyawa a banza, ko dutse ya fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Wanda bai lura da jar fitilar mai ba, cikin 'yan mintoci inji ya buga. Ƙaramar mota za ta kai ka Wikki, a nan ya kamata a ajiye ta. Ga mai jif ko Hilux, a duba safaya tana da iska, a tabbatar sifanar taya ta yi daidai da notunan, a gwada jak a gida, a ɗauki faffaɗan katako mai kauri da za a ɗora jak ɗin a kai, in ba haka ba nutsewa zai yi cikin yashi maimakon ya ɗaga mota. Safaya biyu sun fi ɗaya, saboda kututturen itacen da gobarar daji ta ci yana da tsini kamar mashi, kuma gefen taya yake yagawa, inda faci ba ya riƙewa. A ƙara da shebur, igiyar ja, famfon iska mai aiki da batirin mota, fanbel guda, da tocila. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yashi yana da ƙa'idarsa. A sa giyar ƙafa huɗu tun kafin a shiga, a riƙe giya biyu, a bar totur a wuri ɗaya, kada a canja giya a tsakiya, kada a taka birki da ƙarfi domin taya tana tara tudu a gabanta. In yashin yana da zurfi, a sauke iskar taya daga geji 32 ko 35 zuwa 20 ko 22, tafinta ya faɗaɗa ta hau saman rairayi. A wannan geji kada a wuce kilomita 40 a awa, kada a murɗa sitiyari da ƙarfi, taya tana iya fita daga wili, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Idan mota ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Kowace daƙiƙa da taya ta yi tana juyawa rami take haƙawa. A fara gwada ribas a kan sawun da aka shigo, in bai yi ba a kwashe yashin gaban tayoyi huɗun, a shimfiɗa rassa ko tabarmar ƙafa ta mota, kuma jagora ne zai ce ko wurin ya dace a sauka.

Ciyawa ta fi yashi haɗari, kuma ba a cika maganarta ba. 'Ya'yan ciyawa da ƙaiƙayinta suna toshe lagireto, allurar zafi ta hau a hankali ba a lura ba. Busasshiyar ciyawa kuma tana naɗewa a jikin salansa da sandar da ke juya tayoyin baya, salansa kuwa da zafinta tana iya kunna ta. Mota kan ƙone ƙurmus ta haka, ta kuma bar gobara a daji. Maganin abin ragar sauro ce a ɗaure gaban lagireto, da leƙa ƙarƙashin mota da ƙugiyar waya duk inda aka samu wurin tsayawa, da ƙin yin fakin a kan doguwar ciyawa. In inji ya yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce.

Gudun kallo kilomita 20 zuwa 25 ne a awa. Sama da haka mazo da ke tsaye a inuwa zai zama kututture a idonka. A fita da asuba da zarar gari ya waye, a dawo kafin goma da rabi, a sake fita bayan la'asar. Tsakar rana ta Wikki ce, maɓuɓɓugar da ruwanta yake digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ido ya riƙa ratsa cikin duhuwa maimakon tsayawa a bakinta, yana neman motsin kunne ko jela. Sabon kashin giwa mai danshi, reshen da aka karya ganyensa bai yi yaushi ba, haushin gwaggon biri daga kan itace, duk labari ne. Inda aka samu buɗaɗɗen wuri a bakin ruwa a kashe inji a yi shiru minti goma sha biyar. Tsando yana bin mota mai tafiya, yana son baƙar tufa da shuɗiya, don haka a sa kaya masu haske, a ɗaga gilashi in an shiga kurmi.

Gaban giwa kuwa ba a kashe inji sai an tabbatar ta natsu kuma akwai mafita. A tsaya nesa da aƙalla mita 50, in da 'ya'ya a ninka. Kafin ka ɗauko waya don hoto, duba madubi ka san ta ina za ka fita, domin ribas a hanyar yashi mai lanƙwasa ba ya sauri, giwa kuma ta fi mutum gudu. Kada mota ta raba garke biyu, kada ta shiga tsakanin uwa da ɗa, kada ta tare hanyar da suka nufa, musamman ta ruwa. Ba hon, ba ƙwanƙwasa ƙofa, ba taka totur don ta juyo. Giwar da ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, tana girgiza shi tana watsa ƙasa, gargaɗi take yi, ja da baya a hankali. Wadda ta manne kunnuwa, ta naɗe hanci, ta sunkuyar da kai ta taho babu ƙara, da gaske take. Toron da wani ruwa mai maiƙo ke gangarowa daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, fitsari yana ɗiga ya jiƙa ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin da jininsa ya hau, a bar masa hanyar gaba ɗaya ko da zai sa a koma inda aka fito. Nauyinsa tan biyar zuwa shida, motarka tan biyu. Tsohon ɓauna da ya ware shi kaɗai da dorinar da ke kiwo a tudu su ne dalilin da ya sa ba a sauka ɗaukar hoto a bakin Gaji. A sansani kuma gwaggon biri ya iya buɗe ƙofar mota, ya san leda, kuma baƙin da suka riƙa miƙa masa burodi ne suka koya masa ƙwace. A kulle mota, a ɓoye abinci.

In mota ta mutu, a zauna da ita. Tana da inuwa, tana da ruwa, kuma mai nema ya fi saurin ganin mota a kan hanya da ganin mutum a cikin gamba. Amma zaman yana da amfani ne kawai idan akwai wanda ya san ba ka dawo ba, kuma nan ne nauyi ya koma kan hukuma.

Abin da nake so gwamnatin Bauchi ta yi ba ya buƙatar sabon otal ko bikin buɗewa. A ƙofar Mainamaji a duba kowace motar da za ta shiga hanyoyin kallo: tsayin ƙasa, safaya, jak, ruwa. A Wikki a ajiye rajista mai lambar mota, yawan mutane, hanyar da aka ɗauka da lokacin dawowa, a kuma sa mutum guda wanda aikinsa shi ne ya tada ƙararrawa idan awa ɗaya ta wuce. Kowane jagora ya fita da oba-oba mai caji. A rubuta kuɗin jagora a allo, a ba da rasit, domin cinikin bakin ƙofa yana korar baƙi kuma yana zubar da mutuncin ma'aikaci. A horar da matasan ƙauyukan kewaye su yi wannan aiki. Sun san sawu, sun san daji, kuma gidan da ke cin abinci daga giwa mai rai ya fi wuya ya ɓoye maharbi. A kankare hanyoyi da gireda duk bayan damina, a gyara kwalbatoci, a kafa ginshiƙin siminti mai lamba a kowace mararraba, a buga taswira mai ɗauke da lambobin nan. A tanadi mota guda ta janyo wadda ta kafe.

Idan an yi waɗannan, sai a buɗe zagaye ɗaya kusa da Wikki, na kilomita 20 zuwa 25, wanda baƙo zai bi ba jagora: hannu ɗaya ake binsa, da rani kaɗai, da ƙayyadadden adadin motoci a kowane fita, motar sintiri ta bi bayan ta ƙarshe kafin magariba. A rubuta duk abin da ya faru a rani biyu, kafewa nawa, ɓata nawa, karo da dabba nawa, sannan a yanke shawarar ƙarawa ko rufewa. Sauran daji, da hanyar kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, su ci gaba da zama sai da jagora.

Abin da ya fi ba ni tsoro a duk wannan shi ne wa doka za ta hau. Tsarin Kruger yana tafiya ne domin tara tana kan kowa. Idan ayarin babban mutum zai shigo da jiniya da motoci takwas ya bar hanya ya bi garke don a yi masa hoto, ma'aikaci kuma ba shi da ikon cewa a'a ba tare da ya ji tsoron aikinsa ba, to alamomi da taswira ba za su tsare komai ba. Dole doka ta ba ƙaramin ma'aikaci ikon tsayar da kowace mota, kuma shugabanninsa su tsaya masa.

Akwai wurin gwada wannan tun yanzu ba tare da an kashe ko sisi a kan sabuwar hanya ba. Kilomita 43 ɗin nan daga Mainamaji zuwa Wikki kowa shi ke tuƙa kansa a kai, gadu da birai da ɓauna suna tsallakawa, direbobi kuma suna taka mota kamar suna hanyar Jos. A sa iyakar kilomita 50 a awa. A rubuta lokacin da mota ta bar ƙofa a kan tikitinta, a duba shi a Wikki. Wanda ya iso cikin ƙasa da minti 50 ya yi gudu, ya biya tara a ba shi rasit, ko motar wane ce. In hukumar gandu ta iya riƙe wannan rani guda cur, ta cancanci ta fara kafa ginshiƙan zagayen farko.